Bulo Mai Kunne a Ɗakin Inna

Gidanmu yana can gangare, gefen garin Haɗeja ta wajen kogi. Duk wanda ya taɓa zama a wajen ya san ba ruwan sama ne abin tsoro ba. Na sama, ka gyara jinka ka yi yaɓe, shi ke nan. Na ƙasa shi ne mugu. Da kogi ya cika sai laima ta dinga tsattsafowa ta cikin daɓe, tabarma ta yi baƙi, ɗaki ya ɗauki warin tsohuwar rijiya. Rani ya zo kuma laka ta ja jikinta, daɓen ya tsattsage kamar diddigen manomi.

Inna, mahaifiyata, tana da sanyin ƙashi. Wata damina ta kusa komawa rarrafe. Yayata, wadda ke aure a wani ƙauye can arewa kan tudu, ta zo gaisuwa bayan kaka ta tarar da ita tana dafa bango kafin ta kai bakin ƙofa. Ba ta yi mini magana a ɗaki ba, sai da ta ja ni zaure.

"Auta, wannan ce damina ta ƙarshe da Inna za ta yi a cikin ramin nan."

"Wane rami, Yaya? Ɗakin da aka haife ki?"

"Shi. In na dawo baɗi na taɓa ƙasa na ji sanyi, da ita zan tafi. Gidanmu rairayi ne, ko an kwana ana ruwa da safe sai ka yi shanya."

A lokacin ina da mata da 'ya'ya, furfura ta fara fito mini a gemu, amma a wajensu Auta nake. Na san Yaya, ba ta faɗar abin da ba za ta yi ba. Kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce uwarka ta bar gidanka da ranka ta koma cin tuwon suruki. Bayan kunyar ma, ni ba na son ta tafi. In na dawo aiki da la'asar, ita ce ke zaune bakin ƙofa tana tsince kifi a kwando tana faɗa mini duk abin da na yi ba daidai ba tun safe. Na saba.

Shekarun yaƙin Turawa ne, lokacin da gishiri da kananzir suka yi wuya, siminti kuwa sai dai labari. Ina lebura a wajen aikin En'e, ɓangaren masu gasa jan bulo. Ana gina wani ɗakin ajiya da ofis, an kai ga ƙasa, babu abin da za a shafe ta da shi. Sai Baturen aiki ya zo da wani akwatin ƙarfe na buga bulo wanda ba mu taɓa ganin irinsa ba. Abin da yake fitarwa falle ne, faɗinsa kamar faifai ƙarami, kaurinsa bai kai tafin hannu a kwance ba. Gefe biyu yana da kunne, mai siririn wuya da faɗin kai. Ɗaya gefe biyun kuma yana da gurbi, daidai kunnen. Ka ajiye ɗaya a kan yashi, ka kawo ɗan'uwansa ka saukar da kunnensa cikin gurbin, sai su riƙe juna kamar ka sarƙe yatsun hannuwanka. Ka ja gabas, ka ja yamma, ba ya rabuwa. Ba laka, ba siminti, ba komai. In kana son cirewa sai dai ka sa bakin wuƙa ka ɗago shi sama.

A jikin akwatin akwai wasu lambobi da aka buga. Tafinta ya tara mu ya nuna su da sandarsa.

"Kun ga wannan? Wani mutum a ƙasarsu shi ya ƙago abin nan da kansa, ya kai wa hukuma, aka ba shi takarda. Duk wanda ya ƙera irinsa ba da izninsa ba, sai gaban alƙali."

Wani tsoho cikinmu, mai kwaɓa laka, ya ce, "Malam, shi wanda ya ƙago tukunya fa, wa ya ba shi takarda? Da yanzu jikokinsa sun sayi garin nan."

Muka yi ta dariya. Tafinta bai fassara wa Bature wannan ba.

Wajen gashi, waɗanda suka kusanci wuta suna fitowa baƙaƙe ko dabbare-dabbare. Bature ja kawai yake so. Sai a ware baƙaƙen a zuba gefe, alhali in ka ƙwanƙwasa su ƙarar da suke yi ta fi ta jajayen daɗi. Na tambayi helma, shugaban leburori, ko zan iya kwasa.

"Me za ka yi da su?"

"Ɗakin tsohuwa."

"Kwashe. Ka rage mini aikin zubarwa."

Haka na yi ta jigila da jakin maƙwabci duk yammaci, har suka taru a bayan rumbu. Da bazara ta kama na mayar da Inna ɗakin matata na ɗan lokaci. Na fasa tsohon daɓen, na kwashe lakar, na zuba tsingaron tukwane, na ɗora yashin kogi mai kauri har ƙasan ɗakin ya ɗago sama da tsakar gida. Na daidaita yashin da katako kamar yadda muke yi a wajen aiki. Sannan na fara jerawa daga tsakiya. Ɗakin Inna zagayayye ne, shi kuwa mai takardar nan da alama bai taɓa ganin zagayayyen ɗaki ba, don haka a jikin bango sai da na yi ta sara ina cikewa da gutsattsari. Amma ya zauna. Na taka, na yi tsalle a kai, na mirgina turmi. Ko motsi. Baƙi da ja sun cakuɗu kamar bayan zabuwa. Na tsaya ina kallo ina jin kaina.

Na kira Inna. Ta zo tana dogara sanda, ta tsaya bakin ƙofa, ta leƙa. Ta daɗe tana kallo.

"To, madalla. Yaushe za a daɓe?"

"Ai an gama, Inna. Shiga kawai za ki yi."

"An gama? Ban ji guɗa ba."

"Wannan ba ya son daɓe."

"Namiji ya tsuguna shi kaɗai kamar mai binne layu, ya tashi ya ce an gama. Auta, ba ni shiga."

Ya kamata in faɗi yadda abin yake, don yaran yanzu da suka tashi a kan siminti ba su sani ba. Daɓe aikin mata ne, kuma gayya ce. A zuba tsakuwa, a jiƙa ɓawon ɗorawa ya ba da ruwan nan mai duhu da ake kira makuba, mata su jeru a durƙushe kowacce da madaɓinta na katako, su yi ta bugu tare suna waƙa suna yayyafa makubar, har ƙasa ta yi sumul tana ƙyalli. Mai ɗaki ta dafa abinci ta raba goro. Inna tun tana amarya take zuwa daɓen mutane. Babu ɗaki a unguwarmu da hannunta bai buga ba. Yanzu ga nata ya zo, ni kuma na ce ba a bukatar kowa. A wajenta kamar na hana mutane zuwa sunan ɗanta ne.

Na yi lallashi, na yi faɗa, ta ce ita dai tana nan ɗakin surukarta har Yaya ta zo. Daga ƙarshe na sauko.

"To a kira su. A dafa shinkafa, zan kawo kifi. Su yayyafa makubarsu, su yi waƙarsu, su yi guɗa har a ji a kasuwa. Amma kada a buga. Kin ji ko, uwar yara? Kada a buga."

Matata ta ce ta ji.

Ranar na tafi aiki da sassafe, muna kwashe kayan da suka rage don ginin ya ƙare. Da azahar aka sallame mu. Ina gangarowa unguwa, tun daga wajen masu saƙar komar kamun kifi na fara jin abu a ƙirjina kafin kunnena. Dum. Dum. Dum. Ga waƙa a bisansa. Rabona da gudu tun ina saurayi, amma ranar na yi.

Na tarar da ɗakin cike da mata a durƙushe, gumi na zuba. A gaba akwai Goggo mai tukwane, ƙawar Inna tun ƙuruciya, mace mai damtse kamar na maƙeri. Ita ke ba da waƙa. Inna na zaune bakin ƙofa kan kujera 'yar tsuguno tana tafi, fuskarta kamar ranar salla. Matata na gefe riƙe da ƙwaryar makuba, ta ƙi haɗa ido da ni.

"Ku tsaya! Don Allah ku tsaya!"

Suka tsaya. Goggo ta share goshi.

"Sannu da zuwa, ɗan nan. Kada ka damu, mun kusa rufa maka asiri."

"Wane asiri, Goggo?"

"Aikin naka mana. Mun zo da niyyar yayyafi kawai, matarka ta faɗa mana. Sai na duba na ga tsaga ko'ina, nan tsaga, can tsaga, kamar gonar shinkafa da rani. Na ce wa mata, yaron nan ya yi ƙoƙari amma bai san daɓe ba. Mu haɗe masa kafin 'yar'uwarsa ta zo ta gani."

Layin da ke tsakanin bulo da bulo take nufi. Macen da ta yi shekara da shekaru tana daɓe, in ta ga layi a ƙasa hannunta ba ya iya haƙuri, sai ta buge shi ya rufe. Kuma a kan layukan nan kunnuwan suke.

Na durƙusa na share makubar da hannu. Tsakiyar ɗakin duk kunnuwa sun karye a wuya. Wasu bulon sun rabe biyu. Na taka ɗaya ya karkace, yashi ya ɓullo ta gefensa. Na gefe-gefe har zuwa jikin bango ne kawai suka tsira, don ba su kai nan ba.

Na miƙe na kalle su ɗaya bayan ɗaya. Wa zan yi wa faɗa? Duk cikinsu babu wadda ba ta goya ni ba ko ta ba ni ɗumame. Goggo ta ɗaga wani karyayyen kunne ta jujjuya shi.

"Ashe abin ba shi da ƙwari."

"Goggo, ko kan mutum ne kika yi wa wannan bugun ai ya fashe."

"Kanka dai da ya jure," in ji Inna. Mata suka kwashe da dariya. Suka wanke hannu suka ci shinkafar da kifina, har da neman ƙarin miya.

Washegari na je wajen helma. Ya ce gashi ya ƙare, akwatin ma an ɗaure shi za a kai tasha a sa a jirgin ƙasa, ana jiransa a wani gari. Baƙaƙen kuwa ni na kwashe su tas. Na dawo gida ina kallon gabas. Hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa, shamuwa ta riga ta sauka kan kukar bayan gida.

Goggo ta ji nauyin abin, ban hana ta wannan ba. Ta zo ta ɗauki lafiyayye ɗaya ta ce za ta gina mini irinsa da hannu, ai ba ta ga abin wuya a ciki ba.

"Goggo, akwai doka. Mai shi yana da takarda. Alƙali ne."

"Shi mai takardar zai taso daga ƙasarsu ya leƙa ɗakin tsohuwa? In ya zo ka turo mini shi, in ba shi tulu ya gina mu gani."

Ta kwaɓa yumɓunta mai kyau, ta ɗora na Bature a kai ta zagaye da wuƙa, ta shanya, ta gasa tare da tukwanenta. Da aka kwashe toka, sai ga su duk sun tsuke, wasu sun lanƙwashe kamar busasshen kifi. Kunnen yana shiga gurbi yana yawo kamar ƙafar yaro a takalmin ubansa. Ta sake yi manya don ta bar wa wuta rabonta. Waɗannan kuma suka ƙi shiga sam. Ta zauna a tsakar gidanmu tana tura ɗaya cikin ɗaya tana tsaki.

"Ka ce ba sai alƙali ba. Lakar ma ta san dokar."

Rannan aka yi yayyafin farko. Ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suna ta tsalle. Ina zaune a ƙofar ɗakin ina kallon ɓarnar, matata ta kawo mini fura. Ita ba mai yawan magana ba ce. Ta ajiye ƙwaryar ta tsaya.

"Malam, Inna a kan duk ɗakin take kwana?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Na ga lafiyayyun duk suna jikin bango, inda za a jera tukwane da ƙore. Tukunya ba ta sanyin ƙashi. Tunda ba liƙe su ka yi ba, a ɗago su mana a kawo inda take takawa. Ƙuryar ɗakin a bar wa su Goggo su daɓe."

Na kalle ta. Na sha furar. Na ce dama abin da nake tunani ke nan. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, na ga kafaɗarta na rawa don dariya.

Aka sake kiran gayya. Wannan karon na ƙi zuwa aiki, na zauna a bakin ƙofa kamar dogari, duk madaɓan na tara su ƙarƙashin ƙafata. Na nuna musu yadda ake sa bakin wuƙa a ɗago. Kafin in gama bayani sun karɓe aikin. Lafiyayyu gefe ɗaya, karyayyu gefe ɗaya. Na sake daidaita yashi, suka fara jerawa daga bakin ƙofa zuwa wajen gado da inda take shimfiɗa buzun salla. Ashe abin daɗi ya yi musu. Tsofaffin mata suka koma kamar masu dara a gindin bishiya.

"Ba nan ba, juya shi! Kunnen gabas yake kallo."

"Ke da ba ki gani, ba ni nan."

"Ya shiga! Wallahi ya shiga!" Sai guɗa.

Kowane ɗaya ya faɗa gurbinsa sai an yi masa guɗa, har maƙwabta maza suka fara aiko tambaya ko haihuwa aka yi. Inna ma ta ce a kawo mata ɗaya. Aka riƙe ta ta durƙusa da ƙyar, ta saukar da shi da hannunta, ta danna da tafi.

"Wannan nawa ne. Kowa ya shaida."

Lafiyayyun suka rufe fiye da rabin ɗakin. Na kewaye bakinsu da itacen giginya na kafe da turaku don kada su buɗe. Karyayyun kuwa, da tsukakkun Goggo, aka zuba a turmi aka daka suka zama tsakuwa. Da ita aka cike ƙuryar ɗakin. Sannan na saki madaɓan. Ban taɓa ganin bugu irin na ranar ba. Goggo ta ƙaga waƙa nan take, wai Auta ya yi daɓe ba makuba, Auta ya yi daɓe da kunnuwa, mata suna amsawa suna nuna ni da haɓa. Na bar musu gidan na tafi bakin kogi. Waƙar ta bi ni unguwa har shekara ta zagayo, yara suna yi mini ita a hanya.

Da daɓen ya bushe Inna ta shiga da ƙafar dama, ta yi bisimilla, ta sa aka jera mata tukwanenta.

Daminar ta yi ruwa sosai. Kogi ya cika ya shafe gonakin gangare, masunta suna ɗaure kwalekwale kusa da bayan gidanmu. A ɗakinmu ni da matata laima ta hau har ƙafar gado. Kullum da safe in na je gaishe da Inna sai in yi kamar takalmina nake gyarawa, in kai hannu ƙasa. Ta gane.

"Taɓa da kyau, Auta. Ba na cizo."

Yaya ba ta jira kaka ba. Tsakiyar damina, ana marka, sai ga ta da mijinta da takarkari, wato san ɗaukar kaya, an ɗaura masa shimfiɗa mai laushi a baya, irin wadda ake yi wa mara lafiya. Mijin ya tsaya a zaure don kunyar suruka. Ita ta wuce kai tsaye, ko ruwa ba ta sha ba. Na bi ta. Ta gaida Inna a gurguje, ta yaye tabarma ta duba bayanta. Fara tas. Ta shafa ƙasa da tafin hannu, ta shafa da bayan hannu. Ta ja buzun salla ta shafa ƙarƙashinsa. Ta sunkuya ta shinshina. Ta rarrafa har bayan tukwane inda aka yi daɓe.

"Nan akwai ɗan sanyi."

"To ki tafi da tukwanen," in ji Inna.

Yaya ta zauna a kan dugaduganta tana kallon ƙasan, baƙi da ja. "Wa ya yi wannan?"

Na buɗe baki, Inna ta riga ni.

"Mu muka yi. Ni da ƙawayena. Auta ya ɗan taya mu da ɗauko yashi."

Inna ta miƙe, ba sanda, ba dafa bango. Ba zan ce ta warke ba, gwiwar tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma ta miƙe. Ta taka har bakin ƙofa ta ɗaga murya yadda za a ji a zaure.

"A gaida mai takarkari, a ce ya sha hanya. A sauke wa dabbar nan shimfiɗa ta huta. Gobe in za su koma a ɗora mata busasshen kifi, na ji an ce can tudu miyarsu ba ta da komai sai kuka."

Sannan ta juyo gare ni ta ce in daina tsayuwa kamar turke, in je in yanka wa baƙi zakara.